Harshe da Dabarun Yaƙin Neman Zaɓe Gida-Gida Bayan Aukuwar Bala'i: Misali Daga Yankin Babban Birnin Tarayya, Abuja

1.0 Gabatarwa

Masu nazarin harshen siyasa a ƙasar Hausa sun fi mayar da hankali ga waƙoƙin jam'iyyu da take da kirari da jawaban 'yan takara a manyan tarurruka. Wannan ba abin mamaki ba ne, domin su ne aka fi samu a kaset da rediyo da shafukan jaridu. Sai dai akwai wani fage da bai samu irin wannan kulawa ba, wato maganar da wakilan jam'iyyu ke yi da jama'a a zaure da tsakar gida da bakin kasuwa, inda ake shawo kan mutum ɗaya ɗaya ya fita ya jefa ƙuri'a.

Wannan muƙala za ta dubi wannan fage a wani yanayi na musamman, wato lokacin da bala'i, kamar ambaliya ko tashin hankali, ya raba mutane da muhallinsu, zaɓe kuma ya zo kafin su gama farfaɗowa. An ɗauki Yankin Babban Birnin Tarayya a matsayin misali saboda dalilai biyu. Na farko, yanki ne da aka san shi da ƙarancin fitowar masu zaɓe. Na biyu, yanki ne mai harsuna da dama, inda Hausa ke aikin harshen cuɗanya tsakanin al'ummomin da ba harshensu na gado ba ne. Za a fara da bayanin yankin, sannan a nuna yadda bala'i ke hana fita zaɓe, a bi da dabarun da suka dace, daga bisani a tsaya a kan harshen da ake aiwatar da dabarun da shi.

2.0 Yankin Abuja: Tsarin Mulki da Harsuna

An kafa Yankin Babban Birnin Tarayya da Doka ta 6 ta ranar 3 ga Fabrairu, 1976, a zamanin Janar Murtala Muhammed, gwamnati kuma ta tare a can ranar 12 ga Disamba, 1991. Yankin ba shi da gwamna ko majalisar dokoki irin ta jiha. Minista ne, wanda shugaban ƙasa ke naɗawa, yake tafiyar da shi, kuma sanata ɗaya da 'yan majalisar wakilai biyu ke wakiltarsa a Majalisar Tarayya. Saboda haka zaɓaɓɓiyar hukumar da ta fi kusa da talaka ita ce ƙaramar hukuma. Akwai guda shida: Abaji da Bwari da Gwagwalada da Kuje da Kwali da ta Birnin Abuja, wadda aka fi sani da AMAC. Gundumominsu 62 ne, AMAC na da 12, sauran kuma goma goma. Hukumar Zaɓe ta Ƙasa, wato INEC, ita ke gudanar da zaɓensu, saɓanin na jihohi inda hukumomin zaɓe na jiha ke yi.

Ta fuskar harshe, 'yan asalin yankin sun haɗa da Gbagyi da Gade da Gwandara da Koro da Bassa da Ganagana da Igbira, tare da Hausawa da Fulani da suka daɗe da zama a garuruwa irin su Zuba da Abaji. Gina birnin ya jawo ma'aikata da 'yan kasuwa daga kowane sashe na Nijeriya. A ofisoshi da unguwannin tsakiyar birni Ingilishi ne ke gaba, a tashoshin mota da garuruwan gefe ana jin Buroka da Hausa kafaɗa da kafaɗa, a ƙauyukan Kwali da Abaji da Kuje kuwa Hausa ce harshen da baƙo da ɗan gari suka fi haɗuwa a kai. Duk mai son isar da saƙo ga jama'ar yankin dole ya san wannan rabe-rabe tun kafin ya buɗe baki.

3.0 Raguwar Fitowar Masu Zaɓe

A zaɓen shugaban ƙasa na 2003 kimanin kashi 69 cikin 100 na masu rajista aka ce sun jefa ƙuri'a. Adadin ya sauko zuwa kimanin kashi 44 a 2015, da kashi 35 a 2019, da kashi 27 a 2023, shekarar da masu rajista suka haura miliyan 93. A Abuja abin ya fi fitowa fili a zaɓen ƙananan hukumomi. A zaɓen ranar 12 ga Fabrairu, 2022, masu rajista a yankin sun kai 1,373,492, amma wanda ya ci kujerar shugabancin AMAC, ƙaramar hukuma mai masu rajista fiye da rabin miliyan, ƙuri'u 19,302 ya samu. Ko a zaɓen shugaban ƙasa na 2023, wanda ya ja hankalin matasan birnin ƙwarai, waɗanda suka fita ba su kai kashi ɗaya cikin uku na masu rajista ba.

Dalilan wannan raguwa suna da yawa. Akwai yanke ƙauna daga 'yan siyasa, da shakkar ko ƙuri'a na da tasiri, da kuma ma'aikatan da ke tafiya garuruwansu lokacin zaɓe. A 2023 an ƙara da ƙarancin takardun kuɗi sakamakon sauya fasalin naira. Bala'i yana zuwa ne ya hau kan waɗannan dalilai, kuma ya fi taɓa talakawan da da ma su ne suka fi jure wa tsayuwa a layi.

3.1 Ambaliya

Ambaliyar 2022 tana cikin mafi muni da aka gani a Nijeriya tun bayan ta 2012. Mutane fiye da 600 suka rasu, fiye da miliyan ɗaya suka rasa matsuguni. Ruwa ya shafe sassan Lakwaja, ya datse hanyar Abuja zuwa Lakwaja a wajen Koton Karfe, har tankokin mai suka kasa wucewa, aka shiga wahalar fetur a Abuja a watan Oktoba. A cikin yankin kansa, ƙauyukan da ke gaɓar kogin Gurara a Abaji da Kwali, da unguwannin Gwagwalada da ke kusa da kogin Usuma, suna cikin wuraren da ruwa ya saba yi wa ɓarna da damina. A watan Yuni na 2023 ruwa ya mamaye rukunin gidajen Trademore da ke Lugbe, har hukumar birnin ta ayyana wurin a matsayin yankin bala'i.

Abin lura shi ne yadda lokacin ambaliyar 2022 ya faɗo a jadawalin zaɓe. An rufe rajistar masu zaɓe ranar 31 ga Yuli, ruwa ya yi ƙarfi a Satumba da Oktoba, aka buɗe yaƙin neman zaɓen shugaban ƙasa ranar 28 ga Satumba, aka yi zaɓen ranar 25 ga Fabrairu, 2023. Ke nan an fara kiɗan siyasa ne a daidai lokacin da dubban mutane ke kwana a azuzuwan makarantu.

3.2 Gudun Hijira

Bala'i na biyu shi ne rikicin Boko Haram. Bayan da 'yan ƙungiyar suka kama Gwoza a watan Agusta na 2014, mutane da yawa daga kudancin Barno da arewacin Adamawa suka yada zango a Durumi da Kuchingoro da Wassa da wasu wurare a gefen Abuja. Waɗannan mutane rajistarsu ta zaɓe tana garuruwan da suka baro. A 2015 an yi wa dokar zaɓe gyara don kada gudun hijira ya hana mutum haƙƙinsa, INEC kuma ta buɗe wuraren zaɓe na musamman a Barno da Yobe da Adamawa. Wannan tsari ya fi amfanar waɗanda suka tsaya a cikin jiharsu. Wanda ya tsallaka zuwa Abuja, hanyar da ta fi tabbas gare shi ita ce ya nemi a mayar da rajistarsa inda yake zaune.

3.3 Yadda Bala'i ke Hana Fita Zaɓe

Ana iya kasa cikas ɗin gida huɗu. Na farko shi ne kati. Dokar Zaɓe ta 2022 ta wajabta nuna katin zaɓe a rumfa, ta kuma ce wanda katinsa ya ɓata ko ya lalace, ko mai son sauya mazaɓa, sai ya nema aƙalla kwana 90 kafin ranar zaɓe. Wanda ruwa ya tafi da akwatin takardunsa a Oktoba, makonni kaɗan suka rage masa, a lokacin da hankalinsa ke kan abinci da wurin kwana. Na biyu shi ne nisa. Ƙuri'a a ɗaure take da rumfa, ranar zaɓe kuma akan hana zirga-zirgar motoci. A 2021 INEC ta ƙara rumfunan zaɓe na ƙasa daga 119,974 zuwa 176,846, na Abuja suka kai 2,822, aka sauya wa wasu mutane rumfa, wanda ba ya gida lokacin da aka liƙa sunaye kuwa bai san inda aka kai shi ba. Na uku shi ne abin masarufi, domin wunin da aka yi a layi wuni ne da ba a nemi na tuwo ba. Na huɗu, wanda ya fi sauran wuyar magani, shi ne fushi. Mutumin da ya ga ba wanda ya leƙo shi ranar da katangarsa ta faɗi yakan ɗauki ƙin fita zaɓe a matsayin martaninsa.

An ga irin wannan a wasu ƙasashe. Bayan guguwar Katrina ta Agustan 2005, an ɗage zaɓen magajin garin New Orleans a Amurka daga Fabrairu zuwa Afrilun 2006, kuma fitowar masu zaɓe ta fi raguwa a unguwannin da ruwa ya fi ci. A Haiti, zaɓen Nuwamban 2010 da ya biyo bayan girgizar ƙasar Janairun shekarar bai samu ko kashi ɗaya cikin huɗu na masu rajista ba.

4.0 Dabarun Yaƙin Neman Zaɓe Gida-Gida

Babban gangami da fosta da waƙa suna ɗaga sunan ɗan takara, amma ba sa warware ko ɗaya daga cikin matsalolin nan huɗu. Abin da ke warware su shi ne zuwa wurin mutum. Binciken da Alan Gerber da Donald Green na Jami'ar Yale suka yi a garin New Haven a 1998 ya nuna cewa ziyarar ido da ido ta fi wasiƙa da buga waya tasiri wajen fitar da mutane zaɓe. Bahaushe ya riga ya taƙaita wannan da cewa zuwa da kai ya fi aike. Jam'iyyar NEPU, wadda aka kafa a Kano ranar 8 ga Agusta, 1950, da irin wannan aiki ta kafu, domin ba ta da kuɗi ko goyon bayan hukumar En'e, sai teloli da 'yan koli da malamai masu bin kasuwanni da zauruka.

4.1 Ƙidaya

Matakin farko shi ne a san inda mutane suka koma. Akan ɗauki rajistar kowace rumfa a bi ta suna suna, a rarrabe waɗanda ke nan da katinsu, da waɗanda ke nan ba kati, da waɗanda suka tashi zuwa wani wuri. Kowane rukuni da irin aikin da yake bukata: na farko tunatarwa, na biyu rakiya zuwa ofishin zaɓe kafin wa'adi ya cika, na uku shirin dawowa. Wannan aiki ba ya yiwuwa a makon zaɓe. A yanki irin Abuja, inda ruwa ke ɓarna daga Yuli zuwa Oktoba, zaɓe kuma ya saba zuwa a Fabrairu ko Maris, watannin Oktoba da Nuwamba su ne lokacinsa.

4.2 Ɗan Gari

Da ɗan gari akan ci gari. Wakilin da bala'in ya shafa shi ma, wanda ya kwana a aji ɗaya da mutane, maganarsa ta fi ta baƙon da aka turo daga sakatariyar jam'iyya nauyi. Ana samun irin waɗannan mutane a ƙungiyoyin manoma da masunta da 'yan acaɓa da 'yan kasuwa, da kwamitocin da masu gudun hijira kan kafa wa kansu. Sarakuna, irin su Ona na Abaji da Aguma na Gwagwalada da Etsu na Kwali da Gomo na Kuje, iyayen kowa ne. Abin da ya dace a nema wurinsu da wurin masu unguwanni shi ne izinin shiga da kira ga jama'a su karɓi kati, ba tallar ɗan takara ba. Haka nan Dokar Zaɓe ta 2022 ta hana yin kamfe a wuraren ibada, don haka rawar limami ko fasto ta tsaya ga faɗakarwa.

4.3 Mata

Matan Arewa ba su samu damar jefa ƙuri'a ba sai a 1976, duk da gwagwarmayar da irin su Hajiya Gambo Sawaba suka yi tun shekarun 1950. Bayan bala'i, nauyin jinyar yara da neman ruwa da itace kan faɗa a kansu, ga shi kuma namiji baƙo ba ya wuce zaure. Saboda haka tawagar da ba mata a cikinta rabin gida kawai take gani. Taron suna da na biki da ƙungiyoyin adashe da makarantun Islamiyya na matan aure da zumuntar mata ta coci su ne hanyoyin da labari ke bi a tsakaninsu. Wani abu mai sauƙi kamar shirya wadda za ta zauna da yara na awa biyu yana iya fitar da mata goma zuwa rumfa.

4.4 Agaji da Ƙuri'a

Nan ne wurin da ya fi santsi. Mai yunwa yana bukatar hatsi, ɗan takara kuma yana da shi, amma doka ta ɗauki ba da kuɗi ko kaya don a sayi ƙuri'a a matsayin laifi. Ban da doka, jama'a da kansu sun raɗa wa abin suna, suna cewa siyasar taliya ko siyasar sabulu da atamfa, wanda ke nuna raini ga mai bayarwa. Hanyar da ta fi tsabta ita ce a raba agaji da kamfe: a ba da shi da wuri, ta hannun kwamitin unguwa, ga kowa da kowa, ba tare da tambarin jam'iyya a jikin buhu ko neman ganin kati ba. Abin da ya fi buhun shinkafa daɗewa a zuciya shi ne taimaka wa mutane su shigar da sunayensu wurin Hukumar Ba da Agajin Gaggawa ta Ƙasa, wato NEMA, da bin sawun takardar har a ga sakamako.

5.0 Harshen Yaƙin Neman Zaɓe Bayan Bala'i

Duk dabarun da aka ambata da magana ake aiwatar da su. Misalan da ke tafe an gina su ne don fito da ƙa'idojin da abin ya ƙunsa.

5.1 Jaje Kafin Buƙata

Hausa ta bambanta gaisuwar rashi gida uku: ta'aziyya ga wanda aka yi wa mutuwa, jaje ga wanda ya yi asarar dukiya, barka da arziki ga wanda ya tsira. Kowace da kalmominta da amsarta:

(1) Allah ya ji ƙansa, ya ba ku haƙuri.
(2) Allah ya mayar da alheri, ya kiyaye gaba.
(3) Barka da arziki, Allah ya tsayar nan.

A al'ada ba a haɗa jaje da roƙo a zama ɗaya. Wanda ya gama faɗin (2) ya zaro fosta daga aljihu ya soke jajensa da hannunsa, domin mai gida zai fahimci cewa ƙuri'a aka zo nema. Wannan ƙa'ida ta harshe ita ke tilasta ziyara biyu ko uku: ta farko jaje da sauraro, ta biyu batun kati, ta uku batun ɗan takara. Ta nan ake ganin cewa tsarin gaisuwa yana da hannu a jadawalin kamfe.

5.2 Wakilin Suna da Lokaci

A dubi waɗannan jimloli:

(4) Za mu gyara muku magudanar ruwa.
(5) Mâ gyara magudanar ruwa.
(6) Za a gyara magudanar ruwa.
(7) Mun kai takardarmu ofishin ciyaman ranar Litinin, za mu koma ranar Alhamis.

A (4) akwai "mu" da "ku", wato masu bayarwa da masu karɓa, jimlar kuma ta raba mai magana da masu sauraro. A (5) an yi amfani da lokaci na gaba na biyu, mai dogon wasali da faɗuwar karin sauti, wanda ke ɗauke da ma'anar yiwuwa ba tabbas ba. Bahaushe na jin sa ya san an sallame shi ne. A (6) wakilin suna "a" ya ɓoye mai aikin, don haka ba wanda za a kama da alkawari. Jimla ta (7) ta fi sauran ƙarfi saboda abu uku: "mu" ɗinta ya haɗa mai magana da masu sauraro, ta fara da shuɗaɗɗen lokaci wanda ke nuna aikin da aka riga aka yi, sannan ta ambaci rana. Mutanen da aka sha yi wa alkawari sun fi gaskata "mun" a kan "za mu".

5.3 Ƙaddara da Sakaci, Taimako da Haƙƙi

Mafi yawan jama'ar yankin, Musulmi da Kirista, suna fassara bala'i da ƙaddara, kuma wannan fassara tana ba su haƙuri. Wakilin da ya yi mata karan tsaye zai rasa masu sauraro. Wanda kuma ya tsaya a kanta kaɗai ba shi da hujjar cewa a fita zaɓe, tun da ba a zaɓen ruwan sama. Mafita tana cikin rarrabe abin da ya sauko daga sama da abin da ya faru a ƙasa:

(8) Ruwa na Allah ne, amma kwalbatin da ya toshe na ƙaramar hukuma ne.

Jimlar ta amince da ƙaddara a sashenta na farko, ta dawo da alhaki kan hukuma a na biyu. Karin maganar da ke cewa rigakafi ya fi magani tana yin irin wannan aiki.

Haka nan kalmomin da ake kiran kayan da aka raba da su ba ɗaya ba ne. "Sadaka" tana sa mai karɓa a matsayin almajiri. "Taimako" da "tallafi" suna jawo godiya, godiya kuma bashi ce da ake sa ran biya da ƙuri'a. "Gudummawa" ta fi nuna zumunci tsakanin tsara da tsara, kamar ta biki. "Diyya" da "haƙƙi" kuwa suna nuna abin da mutum ya cancanta, wanda zai iya tambaya idan bai zo ba. Mai riƙe da mulki yakan fi son "tallafi", ɗan adawa kuma "haƙƙi", kuma daga kalmar da wakili ya zaɓa ana iya gane ɓangaren da ya fito.

5.4 Aikatau "Ci" da Kalmar "Ƙuri'a"

Aikatau "ci" yana da faɗin ma'ana a Hausa, kuma bala'i da siyasa duk suna amfani da shi: ruwa ya ci gari, wuta ta ci kasuwa, wane ya ci zaɓe, an ci amana, an ci kuɗin agaji. A duk waɗannan akwai mai ci da wanda aka ci. Wannan ne ya sa jama'a ke iya yin habaici irin wannan:

(9) Ruwa ya ci namu, su kuma suna so su ci nasu.

Wakili mai hankali yakan kauce wa "ci" a gaban waɗanda suka yi asara, ya koma ga "wakilta" ko "riƙe amana" ko "tsaya wa".

Ita kuwa "ƙuri'a" aro ce daga Larabci, asalin ma'anarta kuma abin da ake jefawa don sa'a ta fitar da rabo. Har yanzu ana jin wannan ma'ana a "jefa ƙuri'a" da "ƙuri'a ta faɗa kansa". "Zaɓe" kuwa daga aikatau "zaɓa" ya fito, wanda ke bukatar mai aikatawa da nufi. Ga mutumin da bala'i ya sa yake ganin ba abin da ke hannunsa, "ka zaɓi wanda zai tsaya maka" ta fi "ka jefa ƙuri'a" mayar masa da iko. Taken nan na "a kasa, a tsare, a raka", wanda ya yaɗu a Arewa a zaɓukan da suka gabaci na 2015, ya yi ƙarfi ne saboda ya jera aikatau uku gajeru, kowanne aiki ne da talaka zai iya yi da kansa a rumfarsa.

5.5 Hausa da Sauran Harsuna

Kasancewar Hausa harshen cuɗanya ba ya nufin ta wadatar a ko'ina. A ƙauyen Gbagyi ko Bassa, batun ƙasa da rushe gidaje da biyan diyya tun kafuwar birnin ya sa harshen gado ya zama alamar wanda ke tare da 'yan ƙasa. Abin da ya dace shi ne a yi gaisuwa da jaje da harshen gida, a yi bayanin kati da rumfa da Hausa, a bar sunayen na'urori da na jam'iyyu yadda suke a takardar zaɓe. A wurin mutanen Gwoza, waɗanda ke da harsuna kamar Glavda da Mandara, Hausa ce ke haɗa su da maƙwabtansu, amma tsofaffin mata da dama sun fi sakin jiki da harshensu. Ita kanta Hausar da za a yi musu ba ta littafi ba ce. Kalmomi irin su "mazaɓa" da "tantancewa" sukan bukaci a sauƙaƙa su zuwa "inda sunanka yake" da "duba yatsa da fuska". Saƙon murya ta WhatsApp ya ƙara wa wannan muhimmanci, domin yana kai magana ga wanda ba ya karatu, da muryar wanda ya sani, cikin karin harshen da ya saba ji.

6.0 Kammalawa

Muƙalar ta nuna cewa ƙarancin fitowar masu zaɓe a Yankin Babban Birnin Tarayya ya girmi bala'o'in da aka ambata, amma ambaliya da gudun hijira suna ƙara masa cikas huɗu: rashin kati da nisan rumfa da neman abinci da fushi. Uku na farko ana magance su da ƙidaya da rakiya da shiri a kan lokaci. Na huɗu da harshe ake magance shi, ta hanyar kiyaye ƙa'idar jaje, da zaɓen wakilin suna da lokacin da ke ɗaure mai magana da alkawarinsa, da kalmomin da ba sa mayar da mai haƙƙi maroƙi.

Akwai aiki a nan ga masana harsunan Nijeriya. Ana bukatar a naɗi maganganun da ake yi a zauruka da sansanoni lokacin kamfe, da izinin masu su, a nazarce su kamar yadda aka nazarci waƙoƙin NEPU da NPC. Ana kuma bukatar daidaitattun kalmomin zaɓe da na agajin gaggawa a Gbagyi da Gade da Gwandara da Bassa, domin a rage dogaro ga fassarar da wakilin jam'iyya zai yi a tsaye. Hukumar zaɓe da hukumomin agaji za su amfana da irin wannan aiki, haka ma mutumin da ruwa ya raba da katinsa, wanda bayani cikin harshen da yake ji ne zai sanar da shi cewa yana da sauran kwanaki kafin wa'adi ya cika.